Ecobank Daga Bakin Iyakar Gobir: Asalinsa, Girmansa da Lissafin Kuɗinsa a Idon Ɗan Kasuwar Sabon Birni da Isa

Tsakure

Takardar nan ta ɗauki Ecobank, bankin da aka kafa a Lome ta ƙasar Togo a 1985, ta bi asalinsa, ta auna girmansa, ta kuma karanta lissafin kuɗinsa daga ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato. An zaɓe shi ne domin yana aiki a Najeriya da Nijar duka, kuma da sunan ɗan kasuwa mai tsallaka iyaka aka kafa shi. Abin da takardar ke son nunawa shi ne girman da ake gani a rahoton shekara na bankin jimilla ce ta bankuna da yawa, kowanne a killace cikin dokar ƙasarsa da kuɗin ƙasarsa. Shi ya sa Bagobirin da ke kai hatsi Maraɗi ya sayo dabba har yau ta hannun ɗan canji yake bi.

Gabatarwa



Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake faɗowa Najeriya ya haɗu da ruwan Rima a ƙasar Sabon Birni. Sau biyu yake tsallaka iyaka. Mutanen da ke zaune a bakinsa ma haka suke yi, don ɗaurin aure, don ta'aziyya, don cin kasuwa. Abin da ke isowa bakin iyaka ya tsaya cak shi ne kuɗin da ke cikin asusun banki, ko da kuwa sunan banki ɗaya ne a rubuce nan da can. Dalilin wannan tsayawa nake so mu duba.

Gobir ƙasa ɗaya ce kafin a ja layi. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 Gobirawa sun warwatsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani ɓangare ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma saɓanin gidan sarauta ya sa wani reshe ya baro Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa tana riƙe da sarautar Sarkin Gobir a ƙarƙashin Sakkwato. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka jefa Tsibiri hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Daga nan kuɗi ya rabu: nan fam da sule, sai naira a 1973, can kuma faran, wanda ya zama sefa tun 1945. Har ƙirga ta rabu. Idan mutumin Isa ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Idan mutumin Maraɗi ya ce jika, sefa 1,000 ce, wato dala ɗari biyu a ƙirgarsu, domin dala a can sefa biyar ce. Saboda haka duk inda na ambaci dala a nan gaba, ta Amurka nake nufi.

Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum 207,599, ta ba Isa 146,103. Ga wanda ya duba taswira, garuruwan biyu sun fi kusa da Maraɗi a kan Sakkwato. Wannan kaɗai ya isa ya sa tambayar bankin da ke da ƙafa a ƙasashen biyu ta zama tambayar gida a wurinmu.

Asalin bankin

A farkon shekarun 1980 harkar banki a Afirka ta Yamma hannu biyu take: ko na gwamnati, ko na Turawa. A ƙasashen renon Faransa bankunan Faransa ne ke riƙe da kasuwa, na gwamnati kuwa bashin da ba a biya yana cin su, kamar yadda BDRN na Nijar ya durƙushe aka rufe shi a 1990, aka gina SONIBANK a kan kufansa. Ɗan kasuwar Legas da ke son biyan abokin cinikinsa a Kwatano sai kuɗinsa ya zaga ta Landan da Paris kafin ya isa garin da mota ke kaiwa cikin yini ɗaya.

Wannan ciwo ne ya sa Tarayyar Cibiyoyin Kasuwanci ta Afirka ta Yamma ta tashi neman banki nata, da goyon bayan ECOWAS. Cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar akwai Gervais Djondo na Togo da Adeyemi Lawson na Najeriya. A 1985 aka yi wa uwar kamfanin rajista a Lome da sunan Ecobank Transnational Incorporated, a taƙaice ETI. Jarin da aka amince a tara dala miliyan 100 ne, wanda aka fara biya kuwa miliyan 32, daga mutane da kamfanoni sama da 1,500 na ƙasashen yankin. Asusun raya ƙasashe na ECOWAS shi ne mai kaso mafi girma a lokacin. Gwamnatin Togo ta ba kamfanin matsayi irin na hukumomin ƙasa da ƙasa, Citibank na Amurka kuma ya taimaka da ƙwararru a shekarun farko.

Reshen Togo ya buɗe a 1988, na Najeriya da Kodibuwa a 1989, na Benin da Ghana a 1990. Nijar ta samu nata a 1999. A 2006 aka sa hannayen jarin ETI a kasuwanni uku lokaci guda: Legas, Akra da Abijan. Zamanin Arnold Ekpe, ɗan Najeriya da ya shugabanci rukunin sau biyu har zuwa 2012, shi ne zamanin yaɗuwa: daga Afirka ta Yamma bankin ya ratsa tsakiya ya kai gabas da kudu.

Ina so a lura da kalmar uwar kamfani. ETI da ke Lome ba ya karɓar ajiyar kowa a kanta. Mallakar hannayen jarin 'ya'yansa yake yi. Ecobank na Najeriya kamfanin Najeriya ne, lasisinsa daga Babban Bankin Najeriya, ajiyar mutane a cikinsa kuma hukumar NDIC ce ke lamunce ta, har naira miliyan 5 ga kowane mai asusu tun 2024. Ecobank na Nijar kamfanin Nijar ne, yana ƙarƙashin babban bankin BCEAO da ke Dakar da hukumar sa ido kan bankuna da ke Abijan. Tambari ɗaya, launi ɗaya, amma jari daban, littafi daban, mai tsawatarwa daban. Kamar 'yan uba ne da kowa ke da nasa rumbu, kuma doka ta hana a ɗebi hatsin wannan a zuba wa wancan sai da izini.

Girmansa

Ta fuskar yawan ƙasashe babu bankin Afirka da ya kai Ecobank shimfiɗa: yana cikin ƙasashen nahiyar sama da 30, yana da reshe a Paris da ofisoshi a Landan da Dubai da Beijin. UBA, wanda ke biye da shi a cikin bankunan da suka fito daga yankinmu, ƙasashen Afirka 20 yake ciki. Ma'aikatan Ecobank sun kai kimanin 14,000, masu hulɗa da shi kuwa bankin ya ce sun haura miliyan 32.

A ƙarshen 2024 kadarorin rukunin sun kai kimanin dala biliyan 28. Kuɗin shigarsa na shekarar ya kai biliyan 2.1, ribarsa kafin haraji miliyan 658. Idan aka juya wannan riba zuwa naira a farashin lokacin, ta kusa tiriliyan ɗaya. Kasafin kuɗin da Jihar Sakkwato ta yi wa 2025 naira biliyan 526 ne da 'yan kai. Wato ribar shekara ɗaya ta wannan banki ta kusa ninka abin da jiha mai ƙananan hukumomi 23 ta tsara kashewa a kan makarantu da asibitoci da hanyoyi da albashi gaba ɗaya.

Amma girma da abin da aka jingina shi ake gane shi. Standard Bank na Afirka ta Kudu ya ninka Ecobank sau biyar ko fiye a kadarori. HSBC, wanda aka kafa a Hong Kong a 1865, yana da kimanin dala tiriliyan 3, ya ninka shi sama da sau ɗari. Ecobank ya fi faɗi a kan zurfi. Idan aka raba biliyan 28 ga ƙasashe talatin da wani abu, a yawancinsu banki ne matsakaici, kuma kowace ƙasa sai an biya mata gini da ma'aikata da jarin da dokarta ta gindaya. Wannan shimfiɗa tana da tsada, kuma tsadar tana cikin abin da ke sa a yi ta lissafi kafin a buɗe reshe a garin da ba a hango ajiya mai kauri.

Abin da littafin kuɗi ke faɗa

Lissafin banki fuska biyu gare shi: inda kuɗi ya fito, da inda aka kai shi. A shekarun 2023 da 2024 ajiyar jama'a a rukunin Ecobank ta kai kimanin dala biliyan 20, rancen da ya bayar kuwa kimanin biliyan 10. Rabi ke nan. Babban kaso na saura yana cikin takardun bashin gwamnatoci da kuma abin da manyan bankunan ƙasa ke tilasta a ajiye a wurinsu. Ba Ecobank kaɗai ke haka ba, ɗabi'ar bankunan nahiyar ce. Gwamnati tana biyan ruwa mai tsoka, ba a kuma buƙatar a je a duba gonarta. Manomin albasa a fadamar Rima kuwa ba shi da takardar mallakar fili, ba shi da littafin ciniki, kuma ba wanda ya san ko za a bar shi ya girbe.

Bashin gwamnati ma ba tudun mun tsira ba ne. Da Ghana ta kasa biya a ƙarshen 2022 ta sake fasalin bashinta na cikin gida, Ecobank na cikin bankunan da suka yi asara. Amma darasi mafi ɗaci daga Najeriya ya zo. A watan Agusta 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankuna, ciki har da Oceanic. A 2011 ETI ya saye Oceanic ya haɗe shi da reshensa na Najeriya. Dare ɗaya rassa suka haura 600, Najeriya ta zama kusan kashi 40 cikin 100 na kadarorin rukunin. Tare da rassan aka gaji basussuka masu nauyi, aka kuma ƙara wasu ga kamfanonin mai. A tsakani rikicin shugabanci ya ɓarke a Lome, hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Najeriya ta yi bincike, aka sauke shugaban rukunin Thierry Tanoh a watan Maris 2014. Da farashin mai ya faɗi, naira ta bi shi, sai ɓarakar ta bayyana: a 2016 rukunin ya ware sama da dala miliyan 800 don basussukan da suka ƙi biyuwa, ya rufe shekarar da asarar miliyan 205. Masu hannun jari suka yi shekaru ba su ga rabon riba ba, sai a 2022.

A nan ne lissafin Lome da lissafin kasuwar Sabon Birni suke haɗuwa. ETI da dala yake rubuta rahotonsa, 'ya'yansa kuwa da naira da sidi da sefa suke samu. A ƙarshen 2014 dala ba ta kai naira 200 ba. A watan Mayu 2023 tana wajen 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ta kai wajen 900 a ƙarshen 2023, ta haura 1,500 a 2024. Duk jarin da aka zuba a reshen Najeriya ya narke a idon mai ƙirga da dala. Kadarorin rukunin a 2014 dala biliyan 24 ne, bayan shekara goma 28. Kuɗin shiga na 2014 ya kai biliyan 2.3, wato ya ɗara na 2024. An yi shekara goma ana aiki, asusu na ƙaruwa, faɗuwar kuɗi na cinye ƙaruwar. Nedbank na Afirka ta Kudu ya biya kusan dala miliyan 500 a 2014 don kashi 20 na ETI. A 2025 ya sanar da sayar da kasonsa a kan miliyan 100.

Sefa kuwa ɗaure take da yuro, a kan 655.957, ba ta motsa ba tun 1999. Shi ya sa yau yankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, inda Nijar take, ya zama ginshiƙin rukunin, Najeriya kuma ta koma baya a rabon riba duk da yawan jama'arta. Mutumin Gatawa ko Unguwar Lalle bai karanta rahoton nan ba, amma ya san abin da ke ciki. A 2014 jikar sefa ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura 2,000. Ragon da ake kawowa daga arewa ya yi masa tsada, geronsa kuma ya yi wa mai sefa araha. Iskar da ta kwashe jarin Nedbank ita ta kwashe jarin mai sayen awaki.

Bankin da aka kafa da jarin 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, manyan masu shi a shekaru goman da suka wuce su ne Nedbank, da bankin ƙasar Katar QNB, da kamfanin Arise mai tushe a Turai, da hukumar zuba jarin fanshon ma'aikatan Afirka ta Kudu. Ban ga laifi a neman jari daga waje ba, banki ba ya girma sai da shi. Sai dai mai jarin da ke Doha ko Johannasbag ribar dala yake jira, kuma shugabannin banki ga wanda ya ba su jari suke fara amsa tambaya.

A bakin iyaka

Akwai wani dattijo ɗan canji, abokin mahaifina, da nake kira Baba, wanda nake zama wurinsa idan na je gida. Shagonsa bai wuce tabarma da akwatin ƙarfe da wayoyi biyu ba, ɗaya da layin Najeriya, ɗaya da na Nijar, sai littafin 'yan makaranta mai layi da ya yi laushi don shafa. Wata ranar kasuwa ina zaune wani mutumin wajen Gidan Rumji ya zo da naira cike da jakar taki, kuɗin shanun da ya sayar. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da damina. Baba ya ƙirga kuɗin sau biyu, yana jiƙa yatsa, ya ɗaure kowane ƙulli da roba. Ya kira ƙaninsa a Maraɗi ya faɗi suna da adadi, ya rubuta layi ɗaya a littafin da ajami. Mutumin ya tashi hannu rabbana, sefarsa na jiransa a can. Kafin la'asar wani mai hatsi da aka biya shi da sefa a Maraɗi ya zo ya karɓi naira daga cikin kuɗin nan. Ko sisi bai tsallaka iyaka ba, bashi ne ya kashe bashi.

Na ce, "Baba, me zai hana ka riƙa bi ta banki? Ga shi akwai wanda ke nan yana can."

Ya rufe littafin ya ce, "Ɗana, banki takarda yas sani, ni kau mutum nis sani."

Abin da dattijon nan ya yi cikin minti goma shi ne ainihin aikin da aka kafa Ecobank dominsa a 1985. Kuma bankin yana da hanyar yin sa: akwai tsarin aika kuɗi na Rapidtransfer tsakanin rassansa, akwai asusun Xpress da ake buɗewa ta waya, akwai wakilai a shaguna. Amma kowace ƙofa da makullinta. Ana son lambar BVN ko NIN, a ƙasar da dubban mutane suka gudo daga ƙauyukansu da rigar jikinsu kawai. Ana son a bi farashin canji da ƙa'idojin fitar da kuɗi na manyan bankunan ƙasa biyu, alhali shekaru da yawa farashin gwamnati da na kasuwa sun yi hannun riga. Tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Akra a watan Janairu 2022 don biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka ba tare da zagayawa ta dala ba, an fara shi ne da Najeriya, Ghana, Gambiya, Gini, Laberiya da Saliyo. Nijar ba ta cikin waɗannan shida. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda mutanenmu da yawa ba sa kusanta saboda addini, abin da ya sa bankin Musulunci na Jaiz ya samu karɓuwa tun buɗe shi a 2012.

Sai maganar hanya, wadda ita ce mafi nauyi a zuciyata. Galibin rassan bankuna na jihar nan a cikin birnin Sakkwato suke. Cewa mutumin Isa ya je reshe a gyara masa asusu, cewa ne ya ratsa dajin Gundumi ko ya yi dogon zagaye. A watan Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya a cikin mota a wajen Gidan Bawa. A 2024 a kan hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah Ya jiƙansu da rahama. A irin wannan ƙasa, duk tsarin da ke sa mutum ya ɗauki tsabar kuɗi ya hau mota, da ransa yake caca. A nan ne aka fi buƙatar banki, a nan ne kuma ya fi ƙaranci. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba su da wata hulɗa da harkar kuɗi ta hukuma ko ta gargajiya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47.

Sau uku cikin shekara uku aka gwada ƙarfin tsarin a idonmu. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Na'urar POS ta mutu, manhajar banki ta mutu, mutane suka koma neman tudun da layin Nijar ke kamawa. Sai sauyin takardun naira da aka sanar a watan Oktoba 2022. Wa'adin farko 31 ga Janairu 2023 ne, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kai a 3 ga Maris. An ce kowa ya kai tsohon kuɗi banki, ga mutanen da ba su da asusu kuma ba su da reshe. Musayar da aka shirya wa karkara ta hannun wakilai naira 10,000 ce ga mutum ɗaya, ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Na ga magidanta suna sayar da dabba a kan rabin kuɗinta don kawai mai saye yana da sabuwar takarda a hannu.

Na uku ya fi shafar batunmu kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ECOWAS ta dakatar da hada-hadar kasuwanci da ta kuɗi da Nijar a 30 ga watan, aka rufe iyaka, BCEAO ya riƙe asusun gwamnatin. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bankunan Nijar, gwamnati ta kasa biyan basussukanta a kasuwar yankin. Ƙungiyar da ta tsaya aka haifi Ecobank ita ta ba da umarnin a toshe hanyar kuɗi tsakanin 'ya'yansa biyu, kuma babu yadda banki mai lasisi zai yi sai bi. An ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. A 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ECOWAS, ko da yake suna nan a cikin sefa. Duk tsawon watannin nan littafin Baba bai rufe ba. Ta hanyarsa da irinsa ne 'yan gudun hijirarmu da ke ƙauyukan jihar Maraɗi tun 2019 suka ci gaba da samun ɗan abin da dangi ke aika musu.

Ba ina yabon canjin bayan fage ba ne ido rufe. Hanyar da ke kai kuɗin magani ita ke iya kai kuɗin fansa da na makami, kuma ranar da ɗan canji ya mutu ko ya karye, mai ajiya ba shi da NDIC. Ƙa'idojin da ke wahalar da talaka an kafa su ne don toshe ɓarna ta gaske. Abin da nake cewa shi ne an ɗora su daidai wa daida a kan mai aika dala miliyan da mai aika kuɗin buhun gero, sai mai buhun geron ya fice daga tsarin gaba ɗaya, hukuma ta rasa ganinsa, shi kuma ya rasa kariyarta.

Abin da ya kamata a nema

Giɓin da manyan bankuna suka bari, wasu sun shiga. A wannan gefe OPay da Moniepoint sun cika kasuwanni da na'urorinsu, a wancan gefe Nita da Al Izza da Amana suna da shago kusan a kowane gari. Sun tabbatar da cewa akwai ciniki a wurin talaka idan an sauko inda yake. Sai dai kowannensu ƙarfinsa a cikin ƙasarsa yake. Wanda ke da lasisin banki cikakke a Abuja da Yamai duka, da reshe a Sakkwato da Maraɗi, shi ya fi kowa damar haɗa bakin zaren, kuma a ganina alƙawarin 1985 bashi ne a wuyansa.

A watan Maris 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari kafin 31 ga Maris 2026: naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai lasisin ƙasa baki ɗaya, rukunin da Ecobank na Najeriya yake ciki. An yi irin wannan a 2005, lokacin da bankuna 89 suka koma 25, bankuna suka yi ƙiba, amma sama da rabin rancen ƙasar nan har yanzu a Legas yake tsayawa. Lasisin da ake kira na ƙasa baki ɗaya ya kamata ya zo da sharaɗin bayyana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, nawa aka karɓa ajiya, nawa aka bayar rance, wakilai nawa ke aiki. Wakilanmu a majalisa suna da hurumin neman wannan. Haka kuma manyan bankunan ƙasa biyu za su iya amincewa da wani ƙaramin adadi da za a riƙa aikawa tsakanin naira da sefa kai tsaye, da shaida mai sauƙi, a kasuwannin kan iyaka. Wakilan da suka dace da aikin suna nan zaune a kan tabarminsu, an san su, an san iyayensu, rajista da horo kawai suke buƙata.

Mu ma masu bincike akwai namu. Banki ba ya motsi sai ya ga adadi, kuma adadin cinikin da ke gudana tsakanin Isa, Shinkafi, Sabon Birni, Gidan Rumji da Maraɗi yana cikin littattafai irin na Baba, da ajami da boko, ba a cikin rahoton kowace hukuma ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi za su iya haɗa ɗalibai 'yan asalin garuruwan nan, waɗanda 'yan canji za su yarda su buɗe musu littafi bisa amanar ɓoye sunaye, a bi kasuwa biyar ko shida na tsawon shekara guda, daga kaka zuwa kaka, a ƙirga abin da ke shiga da abin da ke fita a kowane mako. Na tambayi Baba ko zai yarda. Ya ce in zo da ɗaliban ya ga fuskokinsu tukuna, ya ji 'ya'yan wane ne.